Daga Kano Zuwa Jidda Ta Jirgin Sama

Tsakanin Kano da Jidda akwai nisan mil 2,100 da 'yan kai, watau wajen kilomita 3,400, idan aka miƙe sosai ta sama ba tare da ratse ba. Miƙaƙƙiyar hanyar ta bi ta kan ƙasar Cadi da Sudan, sa'an nan ta ƙetare Bahar Maliya.

A zamanin da, maniyyata su kan bi wannan hanya da ƙafa, ko bisa jakai da raƙuma, ta Barno da Darfur har bakin teku a Sawakin. Waɗansu su kan yi shekaru a hanya, suna tsayawa noma don neman guzuri. Jiragen sama sun fara sauka Kano cikin shekarar 1925. Jirgin zamani kuwa ya kan ci mil 500 ko fiye cikin sa'a guda, sabo da haka tafiyar sa'a huɗu da rabi ce zuwa biyar.

Amma lokacin ba ya zama daidai kullum. Iska tana iya taimakon jirgi ko ta tare shi. Haka kuma idan wata ƙasa ta rufe samaniyarta, tilas a kewaye ta. Abin da ya faru ke nan cikin 2023, sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Sudan: jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru.

Abin da ya fi rikita matafiya shi ne sha'anin agogo. An raba kewayen duniya kashi 360, ana kiran kowane kashi digiri. Duniya tana juya digiri 15 cikin kowace sa'a. Jidda tana gabas da Kano da wajen digiri 30, don haka rana ta kan riga fitowa can da misalin sa'a biyu, agogon Jidda kuma yana gaba da na Kano da sa'a biyu.

Ga misali. Jirgi ya tashi daga Kano da ƙarfe goma na safe, ya yi sa'a biyar a sama. Agogon matafiyi zai nuna ƙarfe uku, amma a Jidda ƙarfe biyar ne na yamma. Wanda ya dogara ga agogonsa zai zaci da sauran rana, alhali Magariba ta gabato. A komowa kuwa abin ya kan juya: jirgin da ya bar Jidda da ƙarfe goma na safe zai sauka Kano da ƙarfe ɗaya na rana, ko da ya ke sa'a biyar ɗin nan ya yi.

Sabo da haka ya kamata maniyyaci ya san cewa lokutan da a ke rubutawa a takardar jirgi na garin da aka ambata ne: na tashi bisa agogon Kano, na sauka bisa agogon Jidda. Ya gyara agogonsa da zarar ya sauka. Ya kuma tambayi malamai tun yana gida game da sallar matafiyi da ɗaura harami, gama jirgi ba ya tsayawa a miƙati. 'Yan'uwa masu zuwa taryen alhaji su ma su lura da wannan lissafi, don kada su iske baƙonsu ya daɗe da sauka.