Tarbiyyar Da Ke Cikin Darasin Lissafi

A yawancin makarantunmu an riga an raba aiki: tarbiyya ta malamin addini ce, shi kuwa malamin lissafi nasa bai wuce alli da lambobi ba. Wannan rabo yana ja mana asara. Tun daga firamare har ƙarshen sakandare kusan kullum sai yaro ya zauna a ajin lissafi, kuma halin da ya ɗauka a can da wuya ya rabu da shi.

A fara da yadda ake duba aikin yara. Malamin da amsar ƙarshe kaɗai yake kallo, ya ja jan biro ya wuce, ya riga ya koya musu cewa ko ta wace hanya aka samo amsa daidai ne. Daga nan ake soma leƙen littafin na kusa, har abin ya girma ya zama satar amsa a WAEC da NECO. Amma wanda ya dage sai an nuna masa aiki mataki-mataki, yana ba da maki ga hanya ko da an yi tuntuɓe a ƙarshe, ya kuma hana dariya idan yarinya ta fito allo ta ɓata, gaskiya yake koyarwa, da haƙuri, da ƙarfin halin ɗaga hannu a ce "Malam, ban gane ba."

Sai irin tambayoyin da ake bayarwa. Malam ya shigo aji da mudu biyu da ɗan gero, ɗaya lafiyayye, ɗaya an buge gindinsa ciki yadda wasu masu awo ke yi. Yara su auna da hannunsu, su juye, su ga ragin. Sannan a ce: idan bugaggen mudu yana tauye kashi ɗaya cikin ashirin, mai awo kuma yana sayar da mudu 60 a rana, nawa ya danne? Mudu uku. A kwana talatin, mudu 90. Yaron da aka saba aika kasuwa sayen gero ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane abincin gidan su wa ne wannan, kuma Suratul Muɗaffifina da ya haddace a allo za ta sauko masa cikin kasuwa.

Wannan haɗi ba sabon abu ba ne. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, ya cika kaso mai tsoka na littafin da matsalolin wasiyya da rabon gado. Har yau tumuni da rubu'i da sudusi suna bakin malamanmu na zaure. Ɗalibar da ta iya fitar da tumuni daga dukiya ta san haƙƙin uwarta ranar da aka zauna rabo. Haka zakka: ɗaya cikin arba'in a kuɗi, ɗaya cikin goma a amfanin gonar damina.

Lissafi yana kuma rage kwaɗayi. MMM, wadda ta tsaya cik a Najeriya a watan Disamba 2016 da kuɗin ɗimbin jama'a, alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata ta yi. A ba ɗaliban sakandare su ninka da kansu: naira dubu 100 za ta haura miliyan biyu da dubu 300 a shekara ɗaya. Sai malam ya tambaya, wace sana'a ce ke haifar da wannan, kuma daga aljihun wa za a biya? A yi haka da cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin samarinmu, a lissafa musu yadda damar cin tikiti ke ƙanƙancewa duk lokacin da aka ƙara wasa ɗaya.

Abin da nake gudu shi ne malam ya mayar da darasin wa'azi, a tashi ba a koyi lissafin ba. Minti biyu na tattaunawa bayan an samo amsa sun isa. A aji mai Musulmi da Kirista kuwa misalai sun yi yawa: kwasar adashi, rabon kuɗin wuta a gidan haya, canjin da ya yi rara a hannun ɗan aike. Iyaye ma idan yaro ya dawo da goma bisa goma, su sa shi ya sake yin ɗaya a gabansu.