Kyamarar waya da ciwon wuya: gwajin da ya kamata ya iso Tofa

Ko ka rufe idonka, ka san inda kanka ya fuskanta. Kaso mai yawa na wannan sani daga wuya yake zuwa, domin ƙananan tsokokin da ke ƙarƙashin ƙeya cike suke da jijiyoyi masu sanar da ƙwaƙwalwa duk karkatar da kai ya yi. Idan wuya ya daɗe yana ciwo, ko ya fizgu a haɗarin babur, saƙon kan rikice. Sai ka ji mutum yana cewa, "Jiri nake ji, kaina kamar ba nawa ba," alhali hoton ƙashi bai nuna karaya ba.

A 1991 wani likita a Faransa mai suna Revel da abokan aikinsa suka fito da hanyar auna wannan. A zaunar da majinyaci santimita 90 daga bango, a ɗaura masa 'yar fitilar lesa a ka, a yi alama a inda hasken ya sauka. Ya rufe ido, ya waiwaya dama, sannan ya maido da kan inda yake jin nan ne tsakiya. Idan hasken ya kauce wa alamar farko da fiye da santimita 7, wato kamar digiri 4.5, akwai matsala.

Yanzu ana gwada kyamara a madadin fitilar. Akwai manhajar Google mai suna MediaPipe da ke bin ɗigo 468 a fuskar mutum, daga nan a lissafa yadda kai ya juya.

A Tofa kuwa wuya ba ya hutu. Da kaka namiji ya naɗa gammo ya ɗora damin dawa, mace kuma kullum tana ƙarƙashin tulu ko itace. Mai neman likitan gashin ƙashi galibi sai ya biya kuɗin mota zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi zai iya yin gwajin da wayarsa, da ya tantance wanda tafiyar ta zame wa dole.

Sai dai a ganina bai kamata a yi gaggawar amincewa da kyamarar ba. Kyamara na son haske, kuma rawar hannu kaɗan na ɓata lissafi, dole a kafe wayar wuri guda. Ga mayafi da rawani da ke rufe gefen fuska. Sashen gashin ƙashi na Jami'ar Bayero ne ya fi cancanta ya kwatanta sakamakon kyamarar da na fitilar a kan manomanmu, a ɗakunan asibitocin karkara.