Layukan Kyamarar Baya Ba Su San Bakin Kanal Ba

Motocin da ke shiga gonakin noman rani na Kura da Bunkure da Kadawa sun canza kama a ƴan shekarun nan. Da yawa daga cikin ƴan tokumbo da dillalan tumatir da manoman shinkafa ke hawa yanzu, direba na saka ribas sai allo ya kawo hoton baya, ga layuka ja da rawaya da kore ko shuɗi sun shimfiɗu a kai. Dalilin yawaitarsu yana can Amurka: tun daga watan Mayun 2018 doka ta hana sayar da sabuwar ƙaramar mota ba tare da kyamarar baya ba, bisa wata doka ta 2008 da aka sa wa sunan Cameron Gulbransen, yaro ɗan shekara biyu da mahaifinsa ya take da mota a 2002 yana ribas bai gan shi ba. Motocin da aka ƙera bayan nan suna cikin waɗanda ke sauka mana yanzu. Wanda tasa ba ta zo da ita ba kuwa, ya kan sayi allon Android da ƴar kyamara a haɗa masa.

Kukan da ake yawan ji shi ne layukan sun karkace: mota na tafiya sak, layi na nuna za ta shiga gefe, ko jan layi bai kai ga abu ba amma bamba ta riga ta daki abin. Kafin a kai ga gyara, ya kamata a san cewa layukan nan ba sa auna komai. Zane ne kawai da kwamfutar mota ko ita kyamarar ke ɗorawa a kan hoto, bisa zaton cewa ƙasa a shimfiɗe take, motar ba ta ɗauke da kaya mai nauyi, kyamarar kuma tana nan daidai inda kamfani ya ɗaura ta. A kwaltar birni wannan zato kan yi daidai. A hanyoyin da suka bi gefen kanal-kanal ɗin da ke kawo ruwa daga Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, da wuya a yi wuni guda zaton bai rushe ba.

Mu ɗauki maganar kaya, don ita ce ta fi cin mutane a nan. Ka loda buhunan shanshera ko na taki a but, ka ƙara mutum uku a kujerar baya, gindin mota ya zauna. Da ya zauna, idon kyamara ya ƙara sunkuyawa ƙasa. Layukan suna nan a wurinsu na allo, amma ƙasar da suke kwance a kai yanzu ta fi kusa da motar. Jan layin da a motoci da yawa ke nuna kamar rabin mita daga bamba sai ya koma nuna ƙasa da haka, duk abin da ke bayanka kuma ya yi maka kamar yana da sauran nisa alhali ya kusa. Wanda sifirin bayansa ya gaji, ko tayar baya ɗaya ta rage iska, yana cikin wannan halin ko da babu buhu ko ɗaya a motar. Idan gefe guda ne ya zauna, hoton gaba ɗaya ya kan jirkice. Irin wannan aikin mai faci ne da bakanike, kada a ɓata kuɗi wurin mai waya.

Gangara ma haka take yi. Idan ƙasar da ke bayanka tudu ce, kamar mai ribas zuwa gaɓar da aka ɗaga a gefen kanal, abu zai yi maka nisa fiye da yadda yake. Idan gangare ce, sai ya yi maka kusa fiye da gaskiya. Littattafan da ke zuwa da motocin Toyota ma sun yi wannan gargaɗin, sai dai mota kan iso mana littafin ya daɗe da ɓata. A bakin kanal abin ya fi haka muni, domin zanen bai san rami ba: za ka ga koren layi ya miƙe lafiya lau a kan ruwa, bai kuma san gaɓar ta jiƙa tana iya zabtarewa ƙarƙashin taya ba. Haka nan duk abin da ke sama da ƙasa yana ruɗar ido. A kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, mai yin ribas zuwa bayan babbar mota zai ga layinsa bai kai tayoyinta ba, amma bodinta da ya zarce tayoyin ya riga ya iso gilashinsa. Duk waɗannan ba lalacewa ba ce, iyakar abin da na'urar ke iyawa ke nan, kuma babu mai gyaran da zai cire su.

Lalacewa ta gaskiya ana gane ta da gwaji mai sauƙi. A sauke kaya, a daidaita iskar taya, a goge idon kyamara da tsumma mai laushi, domin ƙurar hunturu da taɓon gona su kaɗai kan sa a rasa inda layi ya faɗa. A samu shimfiɗaɗɗen siminti, irin na gidan mai ko inda ake shanya shinkafa, a miƙe sitiyari sak. A ja igiya biyu daga gefen tayoyin baya su miƙe baya daidai da jikin motar, a auna rabin mita da mita ɗaya daga tsakiyar bamba da tef ɗin awo, a ajiye alama a ƙasa. Sai a ja burkin hannu, a taka burki, a saka ribas a duba. Idan igiyoyin sun fito daidai a hagu da dama, alamomin kuma sun faɗa kusa da layukan, kyamararka lafiya lau take, kaya da gangara ne ke yi maka wasa.

Idan hoton kansa ne ya karkace, bamba ta fi fitowa a ɓangare ɗaya, to kyamarar ce ta motsa. Gargadar hanyar gona kan kwance ƴan ƙananan kusoshinta, musamman wadda aka ɗaura a saman lamba. Wani lokaci kuma bayan an daki motar ne mai gyaran bodi ya buga murfin but ya shafa fenti, ido na ganin ya koma daidai, amma mazaunin kyamarar ya kauce da ɗan kaɗan, ɗan kaɗan ɗin nan kuwa kan zama taku guda a nisan mita biyu. A kwance, a daidaita har igiyoyin su zauna, a ɗaure.

Idan hoton daidai yake amma layukan da ke lanƙwasa tare da sitiyari ne suka kauce, matsalar tana wurin na'urar da ke gaya wa kwamfuta yawan juyin sitiyari. Cire batir kan sa wasu motoci su manta inda tsakiya take, kuma mu nan an san yadda ake cire batir a ara wa wata mota ko a kai caji. A samfura da dama na Toyota da Lexus, tayar da mota a fili a juya sitiyari har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, a dawo tsakiya, ya kan wadatar. Idan bai yi ba, ko an yi alaimen ko an canza wani abu a ƙafar gaba, sai mai kwamfutar duba mota ya sake saita mata tsakiya. Wanda sitiyarinsa ke karkace alhali mota na tafiya sak, ya fara zuwa wurin mai alaimen tukuna, in ba haka ba za a saita layi a kan karkatacciyar ƙafa.

Allon Android na da nasa rigingimun, kuma a ganina yawancinsu daga gaggawar haɗi suke. Sau da yawa za ka ga layuka kashi biyu sun hau juna, domin kyamara na zana nata, allo ma na zana nasa. Ana kashe na allo a wurin saiti, ko a yanke ƴar wayar da aka lanƙwasa a jikin wasu kyamarori don kashe nasu, amma a duba takardarta tukuna, saboda wata irin wayar hoton take juyawa hagu ya koma dama. Idan layi na lanƙwasa dama kana juya hagu, ko bai motsa sam, akasari an zaɓi samfurin motar da ba shi ba a ƴar akwatin da ke haɗa allo da kwamfutar mota. Layukan kyamarar kasuwa kuma ba don faɗin motarka aka zana su ba: wadda aka ɗaura a Golf ita ce za a ɗaura a Hilux mai tsayi, zanen bai canza ba. Allo da yawa na bari a ja layukan da yatsa, to a ja su su hau igiyoyin nan tun mai haɗin bai karɓi kuɗinsa ba. Idan allon ba ya bari, gara a kashe su gaba ɗaya a zauna da hoto zalla, a riƙa sauke yaron mota ya tsaya ta gefen direba yana ba da hannu duk lokacin da za a yi ribas kusa da ruwa.