Sulhu A Ƙofar Zaure: Yadda Ake Kashe Gardamar Rigakafi A Ƙasar Gobir

A ƙasar Sabon Birni da Isa, daf da iyakar Jamhuriyar Nijar, ba kowane magidanci ke fito da 'ya'yansa ba idan ma'aikatan lafiya suka yi sallama da maganin rigakafin shan-inna. Wani yakan ce bai amince da maganin ba. Wani kuwa tambaya yake yi: ina dalilin da za a biyo shi har gida da ɗigon magani kyauta, alhali ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ɗansa sai da ya sayi magani da kuɗinsa?

Wannan gardama tana da asali. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta a wajen kotu. A 2003 kuma jita-jita ta bazu cewa maganin shan-inna yana hana haihuwa, Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da shi. Kano ba ta koma ba sai watan Yuli na 2004, bayan an sake gwaji, an kuma kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta riga ta tsallaka ƙasashe da dama.

Daga nan hukuma ta gane cewa dole ba ta buɗe ƙofar gida. A 2009, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko. A shekarar an sami yara 388 da cutar ta kama a Nijeriya. A 2010 suka ragu zuwa 21.

Ga yadda sulhun yake gudana. Gidan da aka ƙi, sai ma'aikata su rubuta shi su kai rahoto wajen taron yamma. Washegari mai unguwa da liman su koma tare da su, a zauna a zaure, a saurari koken maigida tukuna. In ta ƙi ci, magana ta je gaban dagaci ko hakimi. Irin waɗannan koke-koke ne suka sa aka riƙa haɗa rigakafin da sabulu da gidan sauro da magungunan ƙananan cututtuka.

Ran 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan-inna daga Afirka. Amma bayan haka an ci gaba da samun wani nau'inta a Jihar Sakkwato, inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba.

Babbar matsalar ita ce masu sulhun su ma ba su tsira ba. Tun 2019 'yan bindiga suka kori dubban mutane zuwa yankin Maraɗi. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannunsu. Ƙauyen da dagaci ya yi hijira, ma'aikacin lafiya ba shi da wanda zai shige masa gaba, yaron da ke cikin gidan kuwa shi ke ɗaukar asarar.