Yadda za ka haɗa zaren gaba na fatsa don kamun kifin teku

Zaren gaba shi ne guntun zaren da ke tsakanin ƙugiya da babban zaren fatsa. Shi ke shan gogar duwatsu da haƙoran kifi. In ya tsinke, an yi asarar kifi da ƙugiya da koto gaba ɗaya. Haɗa shi da kanka ya fi araha, kuma ka san ingancin abin da ka ɗaura.

Ka tanadi zaren nailan, ƙugiya, dalma da ɗan majuyi na ƙarfe mai hana zare murɗewa. Zaren gaba ya fi babban zaren ƙarfi: in babban na ɗaukar kilo 10, nemi mai ɗaukar kilo 20. Yanki kamar mita 1. Ga kifi mai kaifin haƙori irin barakuda, wanda cizonsa ya yi kama da na tsege, sai waya marar tsatsa, don nailan ba ya jurewa.

Galibi a ƙulli ake samun matsala. Zura zaren ta idon ƙugiya, naɗe shi sau 5, maido bakin ta ramin da ke jikin idon. Jiƙa shi da yawu kafin ka ja, don zafin guga na raunana nailan. Haka za ka ɗaura majuyin a ɗaya bakin.

Dalma kuwa, ɗaure ta da siririn zare. In ta maƙale a dutse, ita kaɗai za ta tafi.

Bayan su, wanke kayan da ruwan daɗi, ka shanya a inuwa. Shafa zaren da yatsa. In ka ji kaushi, canza shi.