Sun Ratsa Asiya Ba Waya Ba Intanet: Abin Da Tafiyar Tony Da Maureen Ke Koya Wa Masu Wayar Zamani

A watan Yulin 1972 wasu matasan ma'aurata 'yan Birtaniya, Tony Wheeler da matarsa Maureen, suka bar Landan cikin wata tsohuwar ƙaramar mota da suka saya fam 65. Shekara ɗaya ke nan ba su cika da aure ba, Tony kuma bai daɗe da gama karatu ba. Niyyarsu su kai Ostiraliya, su bi ta ƙasa gwargwadon iko, su kashe kuɗi kaɗan gwargwadon iko.

Sun tuƙa motar sun ratsa Turai, Turkiyya da Iran har Afganistan, inda suka sayar da ita a Kabul, har da 'yar riba. Daga nan sai jakar goyo, motocin haya da jiragen ƙasa: Pakistan, Indiya, Nepal, Tailan, Malesiya, Singafo, Indonesiya. A tsibirin Bali suka samu wani ƙaramin jirgin ruwa ya ƙetare da su zuwa gaɓar yammacin Ostiraliya, sannan suka riƙa roƙon direbobi su rage musu hanya har birnin Sidni. Sun isa a ƙarshen Disamba, bayan kusan wata shida, kuɗin da ya rage musu senti 27 ne, ko kashi ɗaya cikin uku na dala ɗaya bai kai ba.

Duk wannan ya faru ba taswirar waya, ba manhajar fassara, ba katin cirar kuɗi. Ga matashin da ke mafarkin irin wannan tafiya da abokiyar rayuwarsa, labarin ya kai a tsaya a duba shi, domin matsalar da ta fi damun su Tony a wancan lokaci waya ta magance ta, amma ta zo da wata sabuwa da ba kowa ke lura da ita ba.

Yadda ake samun labari kafin waya

A shekarun 1970 dubban matasan Turai na bin wannan hanya daga Istanbul zuwa Katmandu, kuma abin da ya fi musu wuya shi ne labari: wane masauki ne mai araha, yaushe motar kan iyaka ke tashi, ina ake canjin kuɗi ba cuta. A unguwar Sultanahmet ta Istanbul akwai wani gidan abinci da ya yi suna, Pudding Shop, mai allo a bango inda matafiya ke liƙa takardu, wannan na neman abokin tafiya, wancan na barin saƙo ga wanda ke tafe a baya. Allon nan shi ne dandalin sada zumuntar matafiyan zamanin.

Saƙon gida kuwa ta gidan waya yake zuwa. Dangi su rubuta wasiƙa da sunan matafiyi zuwa babban gidan wayar garin da suke sa ran zai bi, a ajiye masa, in ya iso ya nuna fasfo ya karɓa. Kuɗi kuma ana riƙe shi ne a matsayin cekin matafiya, irin na American Express, takardu masu lamba da ake sa wa hannu a banki a karɓi kuɗin ƙasar. In an sace su, ana iya kai lambobin a biya mutum wasu.

Abin lura a nan shi ne kowane abu yana wurinsa daban. Taswira na cikin jaka, ceki na ɗaure a ƙugu, lambobin cekin na wata takarda dabam, wasiƙu na jira a gidan waya. Ɓatan ɗaya ba ya jawo ɓatan sauran.

Littafin da aka haɗa a teburin kicin

A Sidni su Tony suka nemi aiki don su farfaɗo. Mutane suka dame su da tambaya: yaya kuka yi, nawa kuka kashe, ta ina kuka bi? Sai suka zauna a teburin kicin suka rubuta amsoshin, suka buga, suka haɗa shafukan da kansu. A 1973 ɗan littafin ya fito da suna Across Asia on the Cheap, ma'ana ratsa Asiya cikin araha. Shafukansa ba su kai 100 ba, kwafi 1,500 suka fara bugawa, suka ƙare nan da nan. A 1975 suka fitar da na biyu kan kudu maso gabashin Asiya, South-East Asia on a Shoestring. Daga nan kamfanin Lonely Planet ya samo asali, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu wallafa littattafan jagorar tafiya a duniya.

A 2007 reshen kasuwanci na BBC ya sayi kashi 75 cikin ɗari na kamfanin, a 2011 ya sayi ragowar, jimillar kuɗin kusan fam miliyan 130. A 2013 ya sayar da shi kan kusan fam miliyan 51 da rabi. Dalilan faɗuwar darajar suna da yawa, amma akwai wanda ba ya ɓoyuwa: a 2007 ɗin nan ce iPhone ta fara fita, wayoyin Android suka biyo baya a 2008. Labarin da ake sayen littafi don a samu ya koma cikin aljihu, kyauta, kuma ana sabunta shi kullum.

Komai ya koma cikin abu ɗaya

Ma'auratan da za su ɗauki jaka yau suna da abin da su Tony ba su taɓa mafarki ba. Google Maps na ba da damar sauke taswirar yanki a ajiye ta a waya. Organic Maps da OsmAnd, waɗanda ke amfani da bayanan OpenStreetMap, suna sauke taswirar yankuna da ƙasashe su yi aiki ba data, domin GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina kai tsaye, ba ya bukatar layi. Google Translate na da Hausa tun 2013, kuma yana karanta rubutun allo da kyamara. Grab da Gojek na nuna kuɗin mota ko babur kafin a hau, wanda ke rage cinikin da baƙo ya saba faɗuwa a cikinsa.

Sai dai taswira, tikiti, shaidar biza, hoton fasfo, manhajar banki da lambobin dangi duk sun taru a na'ura ɗaya mai gilashi, wadda ruwa na iya shiga, ɓarawo na iya fizgewa, caji na iya ƙarewa. Wanda wayarsa ta ɓace a tashar jirgin ƙasa ta Delhi ya rasa fiye da waya. Zai je ya ari ta wani don ya buɗe imel ɗinsa, Google ya ga sabuwar na'ura a baƙuwar ƙasa ya nemi lambar tabbatarwa, lambar kuma ta tafi layin da ke cikin wayar da aka sace. Banki ma haka. Kuɗin na nan a asusu, amma babu hanyar taɓa shi.

Akwai wasu tarkuna da ba sa bayyana sai tafiya ta yi tsawo. Turkiyya na toshe wayar da aka shigo da ita daga waje bayan kwana 120 tana amfani da layin ƙasar, sai in an yi rajistar lambarta ta IMEI an biya haraji mai yawa. Pakistan da Indonesiya ma suna da nasu tsarin rajistar IMEI. A Iran katunan Visa da Mastercard na waje ba sa aiki saboda takunkumi. A Indiya hatta mai shayi da lambar QR ta tsarin UPI yake karɓar kuɗi, tsarin da aka gina don masu asusun bankin ƙasar, don haka baƙo dole ya riƙe tsabar kuɗi. Layin gida kuma, in aka bar shi watanni ba kira ba caji, kamfani na iya rufe shi ya ba wani, tare da duk saƙonnin banki da ke shigowa ta kansa.

Amfanin tafiyar mutum biyu

Nan ne ma'aurata suka fi mai tafiya shi kaɗai sa'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma waya biyu na iya maido da rabuwar nan ta zamanin ceki da takarda, in an tsara tun daga gida.

Tsari mafi sauƙi shi ne waya ɗaya ta zama ta hanya, ɗayar ta zama ta ajiya. Ta hanya ita ake sa wa sim ɗin ƙasar da aka shiga, ita ake fitarwa a kasuwa da tasha, ita ke raba wa ɗayar intanet ta hotspot. Ta ajiya na ɗauke da layin gida da manhajojin banki, tana cikin jaka, ba a fito da ita sai a masauki. Karɓar saƙon tes a ƙasar waje galibi kyauta ne, amma a kashe data ta yawon waje a kan layin gida, domin ita ce ke cinye kuɗi cikin mintuna. WhatsApp kuwa yana ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko an canja sim.

Kafin tashi, kowannensu ya sauya tabbatarwar asusunsa daga saƙon tes zuwa manhaja irin Google Authenticator inda hakan ya yiwu, ya fitar da lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa, ya rubuta su a takarda ya ba ɗan'uwansa ya riƙe. Imel ɗin miji ya zama na ceton asusun mata, nata ya zama na ceton nasa. Hotunan fasfo da biza su kasance a wayoyin biyu da kuma a takarda. Katunan banki ma a raba, daga bankuna daban, kuma a tambayi banki ko katin na aiki a waje da iyakar abin da yake bari a kashe a wata. Masu katin naira sun san dalili: a 2022 manyan bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da shi a ƙasashen waje, wasu ba su dawo da shi ba sai 2025. In na'urar ATM ta tambaya ko ta lissafa da dala ko da kuɗin ƙasar, kuɗin ƙasar ake zaɓa, don canjin na'urar ya fi tsada.

Batun eSIM, irin wanda Airalo ke sayarwa, yana sauƙaƙa ranar farko a sabuwar ƙasa, amma sai wayar da ke ɗaukarsa, kamar iPhone daga XS zuwa sama ko Galaxy S20 da na bayanta. Yawancin ƙananan Tecno, Infinix da itel ba su da shi, sai dai suna da gurbin sim biyu, kuma ga wanda zai yi makonni a ƙasa ɗaya sim ɗin cikin gari ya fi araha. Fawa bank mai mAh 20,000 yana kai kimanin Wh 74, ƙasa da iyakar Wh 100 da kamfanonin jirgin sama ke yarda da ita, kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a kayan da ake aunawa ba. Kan caja mai ƙafa uku irin na Najeriya zai shiga soket a Malesiya da Singafo, amma Turkiyya da Indonesiya mai ƙafa biyu zagayayyu suke amfani da shi, Ostiraliya kuma nata daban ne.

Abin da manhaja ba ta gyarawa

Hanyar da su Tony suka bi ta rufe a 1979, shekarar juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan. Taswirar waya za ta iya zana layi shuɗi daga Istanbul zuwa Delhi, amma ba ta san wace iyaka ce ke buɗe ga wane fasfo ba. Su Tony 'yan Birtaniya ne, a lokacin da hakan ke ba su damar shiga Ostiraliya su kama aiki cikin sauƙi, shi ya sa isa da aljihu wayam bai zame musu bala'i ba. Mai fasfon Najeriya ko Nijar zai nemi biza a yawancin ƙasashen wannan hanya, ana iya tambayarsa tikitin fita da shaidar kuɗi, kuma bizar yawon buɗe ido ba ta ba shi izinin aiki. Ko bizar intanet ce, a tabbatar shafin na gwamnatin ƙasar ne, domin shafukan 'yan tsakiya da na damfara sukan fito a saman sakamakon bincike.

Arahar tafiyar ma ba daga na'ura ta fito ba. Ta fito ne daga tafiya sannu, hawan abin da 'yan gari ke hawa, cin abin da suke ci, da raba kuɗin ɗaki ɗaya tsakanin mutum biyu. Manhajojin kama masauki suna karɓar kamasho daga masu otal, kuma ƙananan gidajen baƙi da yawa ba sa cikinsu sam. Sau da yawa wanda ya duba farashi a waya, sannan ya taka ya tambaya a bakin ƙofa, shi ke samun ragi, musamman in zai yi kwanaki. Matambayi ba ya ɓata, ko da kuwa yana riƙe da taswira.

Akwai gwaji ɗaya da ma'aurata za su iya yi tun kafin su sayi tikiti. A kashe wayar ɗaya a kulle ta a durowa, sannan mai ita ya gwada shiga imel ɗinsa, asusun bankinsa da takardun tafiyarsa ta wayar ɗan'uwansa kaɗai. Duk inda ya maƙale, nan ne zai maƙale a Kabul ko Jakarta, kuma gyaransa a falon gida ya fi sauƙi.