Idon kifi: Gilashin kyamarar da ke lanƙwasa duniya don ya ga komai

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗan gilashin da ke jikin ƙofar ɗakin otal ya ga yadda fuskar baƙo ke kumbura, bango kuma ya tanƙware kamar baka. Da gangan aka ƙera shi haka, kuma ana kiran irinsa "idon kifi".

Robert Wood, masanin kimiyyar haske a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, shi ya raɗa sunan a 1906. Haske kan karkata idan ya shiga ruwa, shi ya sa kifi ke hango duk abin da ke saman ruwa a dunƙule cikin da'ira ɗaya. Wood ya kwaikwayi hakan da kyamarar da ya haɗa cikin bokitin ruwa. A 1924 kuma Robin Hill na Ingila ya tsara gilashin da ke ɗaukar hoton sararin samaniya baki ɗaya, don nazarin gajimare.

Gilashin kyamara na yau da kullum yana barin miƙaƙƙen layi a miƙe. Amma yayin da yake ƙara faɗin gani, gefen hoton sai ya yi ta miƙewa, ta yadda ba zai taɓa kaiwa digiri 180 ba. Masu ƙera idon kifi sai suka haƙura da miƙewar layi. A gaba suna sa babban gilashi mai doro a waje da zurfin rami a ciki, wanda ke tattaro hasken gefe ya matse shi. Ƙananan gilasai na baya su kai hasken inda hoto ke fitowa. Da wannan dabara kamfanin Nikon ya ƙera wani mai ganin digiri 220, wato har da ɗan abin da ke bayansa.

A yau ana amfani da shi a kyamarorin tsaro da na mota, inda manhaja ke miƙe hoton daga baya. Sai dai a yi hattara: abin da ke tsakiya kan yi girma, na gefe ya ƙanƙance. Direba mai komawa da baya, ko mai binciken hoton ɓarawo, bai kamata ya auna nisa ko tsayin mutum da ido kawai ba.